Darasi na 14: Karkatar Miƙaƙƙen Layi

Idan kafinta zai ɗora rufin kwano, ba ya shimfiɗa shi kamar tabarma. Yakan ɗaga tsakiya, ya saukar da gefe, domin ruwan sama ya gangara ƙasa. In karkatar ta yi kaɗan, ruwa zai kwanta, kwano ya yi tsatsa, ɗaki ya fara yoyo. Masana lissafi suna da hanyar auna irin wannan karkata da lambobi.

Fannin da ke koyar da haka shi ne aljebra. Sunan ya samo asali daga kalmar Larabci "al-jabr", wadda ke cikin sunan littafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9. A shekarar 1637 kuma, Bafaranshe René Descartes ya wallafa aikin da ya haɗa aljebra da zane.

Ana ja layi biyu da suka gitta juna: na kwance shi ne x, na tsaye kuma y. Domin a san karkatar wani layi, sai a zaɓi ɗigo biyu a kansa, a raba bambancin y da bambancin x.

Ga misali. Akwai lita 20 ta ruwa a cikin tanki, famfo kuma yana ƙara lita 5 kowane minti. Bayan minti 2 akwai lita 30, bayan minti 6 akwai lita 50. Bambancin ruwan lita 20 ne, bambancin lokacin minti 4. In aka raba 20 da 4, a sami 5. Wannan ita ce karkata.

Ana rubuta ƙa'idar irin wannan layi kamar haka: y = mx + c. Harafin m shi ne karkata, c kuwa wurin da layin ya yanke layin y. A misalinmu, y = 5x + 20. Saboda haka, bayan minti 10 tankin zai ƙunshi lita 70.

Idan m ta fi sifili, layin hawa yake yi daga hagu zuwa dama. Idan ta gaza sifili, gangara yake yi, kamar tankin da ake ɗiba. Idan kuwa sifili ce, layin a kwance yake.

Sababbin Kalmomi
karkata: jirkicewa zuwa gefe ɗaya
gangara: sauka daga sama zuwa ƙasa
yoyo: ɗigowar ruwa ta huda
gitta: ratsa ta tsakiyar wani abu

Tambayoyi
1. Me ya sa kafinta ba ya shimfiɗa rufi a kwance?
2. Daga wane harshe kalmar aljebra ta fito?
3. Ku nemo karkatar layin da ya bi ta (1, 3) da (4, 9).
4. Tanki mai lita 100 yana raguwa da lita 4 kowane minti. Ku rubuta ƙa'idarsa.
5. Ku yi jimla da kowace ɗaya: gangara, yoyo, gitta.