Shafin farko ya raba yarinya da aurenta

Yarinyar 'yar unguwarmu ce nan Zawaciki, tana aikin ɗure kaya a wani kamfani a Challawa. In ta taso sai ta kwanta da waya tana taifin har caji ya ƙare. Ta turo min littafinta na farko in duba, labarin 'yar kamfani da aka riƙe wa albashi ana gobe za a yi wa mahaifiyarta tiyata. Labari mai taɓa zuciya wallahi. Aibinsa guda: ta buɗe da godiya ga masoya, jinjina ga ƙungiya, sannan tarihin kakan jarumar. Na ce, "Ƙanwata, kafin ki iso labarin WhatsApp ya datse rubutun, wa zai danna ya ga sauran? Fara daga bakin get, mai gadi ya hana ta shiga." Ta ce, "To, Anti."

Ashe ta ga hanyata da nisa. Wani mai kiran kansa editan marubuta ya karɓi 5,000 a hannunta, ya share shafin farko, ya dasa zancen shimfiɗa da bakina ba zai iya maimaitawa ba. Ko karantawa ba ta yi ba ta saki, ga sunanta na yanka a sama! Kwana uku shafin ya zaga guruf-guruf, ya hau Facebook, ya faɗa wayar ƙanwar saurayinta. Aka aiko karɓar kayan sa rana. Waɗanda suka biya 500 don karanta sauran littafin kuwa ba su tarar da abin da aka kwaɗaita musu ba, suka bi ta da zagi. Gogan editan ya kashe layi.

Abin da ke riƙe mai karatu, mutum ne cikin tsaka mai wuya da tambayar da sai an ci gaba za a san amsarta. Layin farko bashi ne, a cikin littafin ake biya. Littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya karaɗe ƙasar Hausa a shekarun 1990, ba batsa ce ta sayar da shi ba.

Ku rage doguwar gaisuwa. Kada ku tura kuɗi ga wanda ba ku taɓa ganin aikinsa ba. Ku karanta abin da aka gyara muku kafin ku saki, don Allah ku karanta! Shafin kyauta in ya fita ba ya dawowa.

Ita dai yarinyar ta tsaya a babi na 14, ta ce ba za ta ƙarasa ba.