Ga Mai Son Shuka Amarilis Daga Iri

 Ɗana, na ji labari ka bar furen amarilis ɗin nan na tsakar gida ya yi ƙwanso, wai irinsa kake so ka shuka maimakon ka je wurin masu furanni na bakin titi ka sayi albasarsa. Na ji daɗi, amma zauna in faɗa maka abin da ke gabanka, domin wanda ya sayi albasar cikin ƴan makonni yake ganin fure, kai kuwa sai ka yi shekara 3 kana ba ganye ruwa, wani lokaci ma fiye da haka, kafin ka ga abin da ka shuka.

Ƙwanson yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ya nuna, saboda haka kada ka yi garajen tsinke shi yana kore. Bar shi ya yi rawaya ya tsage da kansa gida uku. A ciki za ka tarar da iri baƙi, shimfiɗaɗɗe, marar nauyi, wanda iska kaɗan ke kwashewa. Riƙa murza kowanne a hankali tsakanin yatsu biyu: wanda ka ji ɗan tudu a tsakiyarsa shi ne mai rai, sauran ɓawo ne kawai. A nan ne kaɗai zan ce ka yi hanzari, domin wannan iri ba ya jure ajiya, idan ya yi watanni a aljihun tebur ƙarfinsa ya tafi. Ka shuka shi a kasko mai huji, cikin yashi gauraye da taki da ya ruɓe sarai, ka yayyafa ƙasa kaɗan a kai. Wasu kuma kan zuba shi a kwanon ruwa ya yi ta yawo a sama har saiwa ta leƙo, sannan su dasa. Duk biyun suna yi.

Abin da zai fara fitowa ɗan siririn ganye ne kamar ciyawa, kuma a nan ne yawancin samari ke karaya, su mance da kaskon a bayan ɗaki. Ka sani wannan ganyen da kake rainawa shi ke ciyar da albasar da ke ƙulluwa a ƙarƙashin ƙasa, inda idonka ba ya kaiwa, saboda haka duk ganyen da fara ta cinye ko rana ta ƙone, ranar furen ce ta ƙara nisa. Manyan albasoshi akan janye musu ruwa su huta kafin su yi fure, amma ƙanana ba a yi musu haka a shekara 2 na farko. A bar su kore rani da damina, a inuwar da haske ke ratsawa, musamman a zafin bazara. Kuma kada ƙauna ta sa ka cika ruwa. Na ga masu shuka da yawa da suka ruɓar da albasarsu don tsabar kulawa, alhali abin da take so ƙasa mai laima ce da ruwa ba ya kwanciya a cikinta.

Akwai kuma maganar da nake so ka riƙe da kyau. Asalin wannan fure daga Kudancin Amurka yake, irin su Barazil da Peru, kuma tun 1799 wani mai gyaran agogo a Ingila, Arthur Johnson, ya haɗa jinsi biyu ya fitar da sabo. Daga baya manoman furanni na Holan suka ci gaba da wannan haɗe-haɗe har jinin ya cakuɗe. Shi ya sa irin da ka ɗiba daga uwa ja zai iya ba ka fari mai ratsi, ko wani ja mai duhu, ko wanda bai kai uwar kyau ba. Mai son kamar uwar sak sai ya cire ƴaƴan da ke fitowa a gindinta ya dasa. Kai da ka zaɓi iri, ka yarda tun yau cewa hidima taka ce amma zaɓin launi ba naka ba ne, kamar dai yadda muka rene ku ba mu san halin da kowa zai tashi da shi ba. Kada ka jefar da wanda bai burge ka ba a furensa na farko, domin albasar tana ƙara girma, furen shekara mai zuwa yakan fi.

Ka rubuta ranar shuka a jikin kaskon, don mutum mai mantuwa ne. Idan ka zo sake wa albasoshin mazauni, bar kashi ɗaya cikin uku na albasar a saman ƙasa. Sannan don Allah ka ɗaga kaskon inda ƙannenka da awaki ba sa kaiwa, kada kuma ka ajiye albasar kusa da madafa, domin kamarta ɗaya da ta miya amma tana da guba.