Kafin sabuwar mota ta shigo gida

A Maradi da Tsibiri, in an ce wane ya yi sabuwar mota, galibi wadda aka sauke daga jirgin ruwa a Kwatano ko Lome ake nufi, bayan ta gama shekarunta a Turai ko Amurka. Sabuwa fil sai a Yamai, wurin wakilai irin su CFAO. Ko wacce maigida ya sa a gaba, ga abin dubawa.

1. Ku tambayi dillali tun farko: wannan farashin da duwan ne ko ba duwan? Tun da aka rufe iyakar Gaya da Benin a 2023, kaya da yawa ta Lome da Burkina Faso suke zagayowa, hanya ta ƙara tsawo, kuɗi ya ƙaru. Ku haɗa da katin mallaka, inshora, tayoyi da man wata.

2. Kada allo mai walƙiya ya ɗauke muku hankali. Kyamarar baya tana da amfani ƙwarai a gidan da yara ke wasa a ƙofar gida, haka jakar iska da birkin ABS. Na'urar sanyi dole ce a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40. Amma rufin gilashi da kujera mai ɗumama jiki, don masu sanyin Turai aka yi su. Na'urorin da ke lura da layin titi kuwa ba su da aikin yi a hanyar da ba a shata mata layi ba, ƙurar hunturu kuma tana toshe musu ido. Wanda zai riƙa shiga gonakin Jiratawa da damina, tsayin mota daga ƙasa ya fi masa duk waɗannan.

3. Ku je da makanikenku, ya sa mata kwamfuta, ya leƙa ƙarƙashi da cikin kafet, don akwai motocin da ambaliya ta ci a Amurka aka wanke aka turo. In mai haɗa batir da mai ce, a auna batirin. Abin da ya sa Toyota ta cika gari shi ne kayan gyaranta suna kusa, a Maradi ko a Kano.

4. Ku karɓi makulli biyu. Na zamani ba a yanka shi a kasuwa.

5. Batun bashi nan ne gidaje ke shiga uku. In za ku je Sonibank, BOA ko Ecobank, ku ce a rubuta muku jimillar abin da za ku biya har ƙarshe, da kuɗin takardu da tarar jinkiri. Mai gudun riba ya tambayi Bankin Musulunci na Nijar game da murabaha: banki ya sayi motar ya sayar masa da ƙarin da aka yanke tun farko. Manomi da ɗan kasuwar da kuɗinsu ke zuwa da kaka su nemi biya ya dace da lokacin. Ni dai ban yarda a jinginar da gona, ko a taɓa rumbu da adashen uwargida, saboda mota ba.

6. Lambar jikin mota haruffa da lambobi 17 ce. Ku gwada ta da takardun duwan ɗaya bayan ɗaya, musamman in motar ta shigo ta Jibiya da Ɗan Isa. Kada ku cika kuɗi sai takardu sun fito da sunanku, a gaban shaidu.