Kafin Ka Goge Kwamfutarka, Duba Shekarun Python Ɗinka

’Yan uwana ɗalibai, lokacin furojet ya zo, kuma kusan kullum sai wani ya tare ni da kuka iri ɗaya: “Wallahi pandas ta ƙi hawa kwamfutata.” Wasu su ce sabis ne, su sake loda data. Wasu su kai shago a goge musu komai, har da babi na uku da suka sha wahalar bugawa. Sau da yawa kwamfutar lafiyarta ƙalau. Python ɗin da ke cikinta ne ya tsufa.

Aikina a kan ruwan sama ne a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, yankin da dajin Ɗansoshiya da madatsar Tiga suke. Alƙaluman kyauta na samo su a NASA POWER, amma lissafinsu sai da NumPy da pandas da Matplotlib. Ga abin da na koya.

Na farko, san sigar da kake da ita. Buɗe cmd ka rubuta python --version. In ka ga 2.7, to an daina kula da ita tun 1 ga Janairu 2020. Siga ta 3.7 ta bi sahu a Yuni 2023, ita kuma 3.8 a Oktoba 2024. Masu ƙera manhajojin kimiyya ba sa jiran wanda aka bari a baya: NumPy 2.0 da ta fito a 2024 ba ta karɓar ƙasa da 3.9.

Na biyu, karanta saƙon kuskuren, musamman layin ƙarshe. In ka nemi sabuwar siga ya ce “No matching distribution found”, kuma ka tabbatar sunan daidai ka rubuta, galibi Python ɗinka ne bai kai ba. In kuwa ya nemi Microsoft Visual C++, ma’anarsa pip bai samu ƙunshin da aka riga aka haɗa wa sigarka ba, shi ne yake son haɗawa da kansa. Kada ka yi saurin ƙona datarka a kan wannan. Fara da python -m pip install --upgrade pip.

Na uku, duba Windows ɗinka. Da yawanmu kwamfutar gwanjo muke riƙe, wasu har yau da Windows 7. A kanta Python 3.9 ba ya hawa, ko kwana ka yi kana gwadawa. Iyakarka 3.8.10. To, sai ka yi ɗinki daidai jikinka:

python -m pip install numpy==1.24.4 pandas==2.0.3 matplotlib==3.7.5

Waɗannan su ne sigogi na ƙarshe da ke tafiya da 3.8, kuma sun ishe ka lissafi da zanen jadawali. Mai Windows 10 ko 11 kuwa, kawai ya sauke sabon Python daga python.org, kada ya manta da danna akwatin PATH a shafin farko.

Na huɗu, kowane aiki da ɗakinsa. Rubuta python -m venv aiki, sannan aiki\Scripts\activate. Abin da ka ɗora a ciki ba zai taɓa sauran ayyukanka ba.

Ga masu tafiya gida hutu inda sabis ke wasan ɓuya, ku yi guzuri tun a makaranta. A kwamfuta mai Python da Windows irin naka, rubuta pip download pandas -d kaya, ka kwafe jakar a filash. A gida sai pip install --no-index --find-links kaya pandas, babu intanet ko kaɗan.

A ƙarshe, rubuta lambobin sigogin nan a babin hanyoyin bincike. Ranar kare furojet, in malami ya ce a gwada a wata kwamfutar, su ne za su fitar da kai kunya. Allah Ya ba mu sa’a, amin.