Yadda Ake Ceto Takardu Daga Faifan Kwamfuta Mai Shirin Mutuwa

Akawuna da malaman makaranta da 'yan kasuwa da yawa sun mai da kwamfuta ma'ajiyarsu. Lissafin albashi, da sakamakon jarrabawa, da hotunan iyali, duk suna cikin wani ɗan akwatin ƙarfe da ke cikinta, wanda za mu kira faifan ajiya. To, wannan akwati yana tsufa, yana kuwa mutuwa, wani lokaci ko sallama babu.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ke ciki tukuna. Akwai faya-fayai masu santsi, an shafe su da sinadarin maganaɗisu, galibi suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda. Bisansu akwai wata 'yar allura mai rubutu da karatu, kamar ta garmaho, sai dai ita ba ta taɓa faifan. Iskar juyawar ce ke ɗauke da ita, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ba ta kai kaurin ƙwayar ƙura ba. Kamfanin IBM na Amurka shi ya fara fitowa da irin wannan na'ura a 1956, mai faya-fayai 50.

Alamun ciwon ba su da wuyar ganewa. Kwamfuta ta yi nauyi, takarda ta ƙi buɗuwa, ko kuwa a riƙa jin ƙas-ƙas daga ciki. Kadan ka ga haka, abu na farko shi ne ka kashe ta. A nan ne mafi yawan mutane ke kuskure, gama sai su yi ta kunnawa suna kashewa, wai ko za ta farfaɗo. Alhali in allurar ta riga ta karci faifan, garin da ta kankaro shi zai yi ta ƙara karce sauran, duk juyi ɗaya ɓarna ce. Kada ka bar kwamfuta ta yi masa gyaran da takan nemi yi da kanta, kada kuma ka yarda in ta ce a wanke shi. Maganar sa shi a firji da wasu ke yi, wannan camfi ne mai tsada, raɓa ce kawai za ta taru a ciki.

Faifan da ke ƙara, ko wanda kwamfuta ba ta ganinsa sam, ba aikin gida ba ne. Sai gwanaye masu ɗaki na musamman da aka tace iskarsa daga ƙura. Ladansu da yawa, amma wanda ya kwance shi bisa teburin ofis, balle da hunturu, ya gama da shi.

In kuwa har yanzu ana ganinsa, sai a nemi sabon faifai wanda ya kai shi girma ko ya fi shi, a juye tsohon ɗungurungum a kansa. Akwai manhaja ta kyauta mai suna GNU ddrescue, wadda ke aiki bisa tsarin Linux. Dabararta irin ta mai kwashe kaya ce daga ɗakin da wuta ta kama: takan fara da wuraren da ke karantuwa da sauƙi, ta tsallake masu wuya, sa'an nan ta komo musu daga baya. Tana kuma rubuta inda ta tsaya, saboda haka ko lantarki ya ɗauke ba za a koma farko ba. Aikin yakan ɗauki sa'o'i, wani sa'i kwanaki. Lalle ne a duba sau biyu wanne ne tsoho wanne ne sabo kafin a ba da umurni, domin in aka juya su, sabon da babu kome a cikinsa shi zai shafe tsohon.

Bayan an gama, sai a cire marar lafiyan a ajiye, duk sauran bincike bisa kwafin za a yi. Manhajar TestDisk tana gyara jadawalin da ke nuna yadda aka rarraba faifan. In hakan ya faskara, PhotoRec tana bi tana tsinto takardu da hotuna ta wurin gane alamar da ke farkon kowane iri. Abin da ta tsinto a zuba shi a wani faifai dabam. Sai dai ba ta komo da sunayensu na asali, lambobi kawai take ba su, watau akawu zai zauna ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya sāke raɗa wa kowace suna.