Yadda Za A Yi Da Mai Shiru-Shiru A Wasan Tashe

A garinmu Baturiya, ƙasar Haɗeja, idan azumi ya kwana goma sai yara su fara Tashe, suna bi gida-gida bayan shan ruwa. Bara azumi ya same ni a gida, aka ba ni shugabancin ƙungiyarmu. Cikinmu akwai wani yaro wanda ko amshi ba ya ɗaga murya. Na daka masa tsawa gaban jama'a, kashegari bai fito ba. Dole na je na ba shi haƙuri.

Ga abin da na koya. Na farko, kada ka tilasta wa mai kunya magana cikin taro, ka same shi shi kaɗai. Na biyu, fara ba shi ɗan aiki, kamar riƙon jakar hatsin da aka samu. Na uku, nemi abin da ya sani. Yaron nan makiyayi ne a fadama, ya san amfanin sabara da marke. Da muka sa shi ya fito a Jatau Mai Magani, sai bakinsa ya buɗe, matan gida suka yi ta dariya.

'Yan'uwana ɗalibai, shiru-shiru ba rashin basira ba ne. Shugaban wasa ya riƙa duba na baya.