Wayar Salula da Farashin Gero a Nijar

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi yana tambaya, shin zuwan wayar salula ya taɓa farashin hatsi kuwa?

To malam, ya taɓa ƙwarai. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bibiyi kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da sabis ɗin waya ke shiga gari-gari. Ta gano tazarar farashin gero tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. A da, sai ɗan kasuwa ya hau mota kafin ya san nawa tiya take a Damagaram. Yanzu kira ɗaya ya isa, sai ya kai buhunansa inda gero ya yi ƙaranci, masu saye su samu sauƙi. Raguwar tazarar farashin ta fi yawa tsakanin kasuwanni masu nisa da juna, inda kuɗin mota ke da tsada.